Daren da Waya Ta Hau Bango

Inna ta ce wayata ƙwayar gero ce,
idonta kuwa ya daɗe da daina tsintar gero.
Sau uku Rumasa'u tana ɗago jaririn daga Fatakwal,
sau uku Inna tana kai wayar har kan hancinta,
tana cewa, "Ni dai inuwa nake gani."

Sai na hau adaidaita zuwa Fam Santa.
Wani yaro, Huzaifa, mai karyayyen haƙori,
ya zaro min ɗan abu bai fi ɗan yatsa ba.
"Ka soka shi a bayan talabijin,
ka shiga saitin, ka taɓa nan, ka taɓa nan,
duk abin da ke tafin hannunka zai hau bango."
Duk abin da ke tafin hannunka.
Na ji da kunne, hankalina yana kan ragin ɗari biyar.

Bayan isha'i, ga Gwammaja da wuta.
Aka shimfiɗa tabarma a falo.
Baba ya zauna can gefe da carbinsa, kamar ba ruwansa.
Matar maƙwabci ta shigo aron ludayi,
ta manta da ludayin.
Talabijin ya yi shuɗi, ya yi dogon tunani,
wani ɗan zobe yana ta juyi a tsakiya,
sai ga shi.

Kumatu daga wannan kusurwa zuwa waccan.
Ɗan kwana tara, ya fi tagar ɗakinmu faɗi.
Ya yi hamma, duk muka buɗe baki.
Inna ta miƙe ba sanda,
ta shafa gilashin da bayan hannu
kamar mai duba zazzaɓi.
"Kunnen Malam ne. Ku dubi kunnen nan!"
Baba ya kai hannu kunnensa bai sani ba.

Ana cikin haka wani farin layi ya sauko daga sama.
Da a aljihuna ya same ni, girgiza kawai zai yi,
in danne shi da tafi kamar yadda na saba.
Yau kowane harafi ya kai tsawon cokali.
Ummita, 'yar aji uku, da bana ta iya haɗa baƙi,
ta tashi tsaye kamar a gaban malama:
"Sa-gi-ru. Wa-ta u-ku ke nan.
In ba ku-ɗi ran Li-ti-nin,
zan ɗau-ke ke-ken ɗin-kin."
Ta juyo tana jiran tafi.

Fanka ce kaɗai ta amsa.
Na lalubi rimot, na danna ƙarin murya,
kukan jaririn ya cika gidan har soro.
Na roƙi Nepa a raina ta ɗauke,
ita da ba a roƙonta.
Ta ƙi.
Matar maƙwabci ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Baba bai dube ni ba.
Ya ja carbi ɗaya, ya nuna bango da haɓa:
"Kau da rubutun nan, ya rufe wa yaro goshi."

Can dare na zare ɗan abin daga bayan talabijin.
Da zafinsa, kamar ya san abin da ya aikata.
Na kwanta, wayar a kife a kan ƙirjina,
ta koma ƙwayar gero, amma nauyinta ya ƙaru.

Gyaran murya a bakin ƙofa.
Takalmin da na sani tun ina rarrafe.
"Sagiru, ka yi barci?"
Na ce a'a.
Ya daɗe a tsaye, labule tsakaninmu.
"Nawa ne?"

Kafin in haɗa lissafin a bakina,
Inna ta ɗaga murya daga ɗakinta:
"Gobe ma a kunna min.
Ban ga ƙafafunsa ba."