Huɗu Ne, Ba Uku Ba

A Gadarif, bayan an idar da isha,
aka rataya farin zanen gado a bangon makaranta.
Janareta ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Yara a gaba, kan buhunan riɗi da aka zazzage,
mata a gefe da butocin shayi,
ni kuma kusa da Baba Ɗan'azumi mai ruwa,
wanda ya rantse ba zai zo ba, ya zo.

Haske ya faɗa kan zane, sai ga garinsu na yamma,
ko abin da aka gina ya yi kama da shi.
Mai ruwan majigi dogo ne, fuska tas,
yana kora jaki da amalanken tanki,
cikin tankin yara uku, 'ya'yan maƙwabci,
waɗanda harshen uwarsu ya zama laifin kisa.
A shinge mai bindiga ya ɗaga hannu.
Kiɗa ya lafa. Jarumi ya dube shi ido cikin ido,
ya faɗi wata magana mai nauyi, irin ta littafi.
Aka yi tafi har jemagu suka bar bishiya.

Baba Ɗan'azumi ya tsartar da yawu gefe.
Ya ce, ba haka aka yi ba.
Ni ban kalli idon kowa ba, takalminsa na kalla,
igiya ɗaya baƙa, ɗaya ta leda.
Ban ce komai ba sai, ruwa ne, ranka ya daɗe,
kuma wandona ya jiƙe, ba da ruwan tanki ba.
Ya ce in ba shi ya sha.
Na murɗa famfo, hannuna kamar na aro,
ruwan da ya kai wa yaran ƙirji ya zubo a tafinsa.
Ya sha, ya goge gemu,
ya ce ruwanka da ɗumi, tsoho.
Na ce rana ce.

Kuma huɗu ne, ba uku ba.
Masu fim sun ce huɗu sun cika hoto.
Ƙaramar tari take fama da shi,
yayanta ya toshe mata baki da gefen riga
tun daga kasuwar shanu har bakin rafi.

Na tambaye shi abin da kowa ke tambaya.
Ya yi shiru har aka canza wuri a kan zane.
Ya ce, uwarsu Sittana ta taɓa biya na kuɗin jarka biyu
ranar da ɗaya na kai.
Na gani, na yi gum, na sa a aljihu.
Shekara shida abin yana ci na.
Bashi ne, yaro. Ba jarumta ba.

Na ce mata zan dawo in ɗauke ta kafin la'asar.
Ban koma ba.
Wannan ma ba su sa ba.

A kan zane jarumi yana tafiya cikin faɗuwar rana,
sunaye suna hawa sama kamar hayaƙi.
Mai ya ƙare kafin su ƙare.
Duhu ya dawo da bango, da ƙusoshi biyu.

Jakin kaɗai suka dace, in ji shi yana neman sandarsa,
nawa ma haka yake, ba ya sauri ko duniya na ci da wuta.

Wata yarinya ta hau benci ta sauke zanen,
na gidansu ne, a kai za su kwana.
Ta ninke shi a ƙirji, ta yi tari kaɗan,
ta kama hannun tsohon ba tare da ta dube shi ba.
Da asuba akwai layi a rijiya.