Faci

Ubana mai faci ne a Ƙofar Ƙaura,
shekara talatin yana tsoma tif cikin baho
yana jiran kumfa ta tona asirin ƙusa.
Ni ma faci nake yi, sai dai tawa tayar
manhaja ce ta kowa da kowa,
mai haɗiye lanƙwasa, ta mai da baƙi baki.

Daren Laraba, ba wuta, caji saura sha ɗaya,
na tura gyara bakwai a ƙunshi guda, ba bayani,
na kwanta ina jin kaina gwani.

Da asuba Lantana, wadda ban taɓa gani ba,
ta dawo min da kayana:
"Ɓula ɗaya, faci ɗaya.
Faɗi abin da ya lalace kafin abin da ka yi.
Ka gwada? Ina shaida?
Bi tsarin da ka tarar.
Sa sunanka a ƙasa."

Haushi ya riƙe ni har azahar.

Na kai wa Baba tuwo, na tarar mai adaidaita na azalzalarsa.
Bai ɗago ba. Ya goge wurin, ya shafa gam,
ya jira ya sha iska,
ya liƙa, ya buga, ya sake tsomawa.
Ruwa shiru. Sannan ya karɓi kuɗi.

Na koma na raba ƙunshin bakwai.
Huɗu sun shiga, biyu na layi.
Na bakwai kuwa, da na tsoma shi,
ashe ni na huda wurin.