Noti Goma

Hajiya Tsahara ta kawo ta ɗaure da igiya,
amalanken shanu a gaba, Fijo a baya,
kat-san-kat da ta girme ni da shekara ashirin,
farin fentinta ya koma launin haƙorin maci goro.
Ta ce tun daga Jiratawa take tari,
tana fitar da farin hayaƙi kamar tukunyar ruwan zafi.

Baba Barmo bai tanka ba.
Ya zaro sandar awon mai, ya shafa a babban yatsa,
ya miƙo mini ƙarƙashin hanci:
wannan ba baƙin mai ba ne, kunun gyaɗa ne.
"Ruwa ya shiga ɗakin mai," in ji shi.
"Dangar da ke tsakaninsu ta faɗi."

Muka zubar da ruwan lagireto a gindin bedi,
kaji suka zo suka leƙa, suka koma.
Na kwance noti goma daga gefe zuwa tsakiya,
kowanne na soke shi a kwalin sukari
a gurbin da ya dace da gidansa,
don noti ma ya san inda ya tsufa.
Kulas ta ƙi tashi.
Shekara nawa tana manne, sai da muka lallashe ta
da gudumar katako, kaɗan-kaɗan,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya.

Ga juwan nan a ƙasa, siririn faifai,
bai kai kaurin bangon littafi ba,
shi ne ya raba wuta da ruwa tun kafin a haife ni.
Tsakanin rami na biyu da na uku ya ƙone,
ƙunar ba ta fi faɗin farce ba.
Iyakarta ke nan. Ita ta tsayar da mota.

Baba ya ɗora ƙarfen awo a kan kulas,
ya ɗaga ta saitin rana.
Haske ya ratsa ta ƙasa, siriri kamar zare.
"Ta lanƙwashe. Zafi ba ya barin kowa a miƙe."
Kwana biyu ina goga ta a kan gilashi da takardar yashi,
har kiran Magariba ya iso daga Bagalam
ban san yatsuna na jini ba.

Sabon juwan daga Katsina ya zo, ta hanyar Ɗan Isa,
cikin buhun wani direba, tsakanin atamfa da omo.
Jikka bakwai. Hajiya ta ƙirga ba ta yi ciniki ba.
Ta ce mai gidanta da wannan motar ya yi jigilar gyaɗa,
ba ta son jin ta yi shiru ita ma.

Ranar ɗauri Baba ya ɗauki sifana,
hannunsa ya yi rawa, ƙarfe ya buga ƙarfe.
Ya dube shi kamar hannun wani.
Sai ya miƙo mini, bai kalle ni ba.
"Daga tsakiya za ka fara, Nomau.
Ka zaga kamar mai naɗa rawani.
Sau uku. Kada ka ƙure na farko
alhali na goma bai san ana yi ba."
Ya dafa gwiwar hannuna ya rufe ido,
yana jin noti ta cikin ƙashina.
"Ƙara. Ƙara. Tsaya."

Ta tashi a bugu na huɗu.
Hayaƙin ya yi fari, ya yi toka, ya ɓace.
Hajiya ta ɗora tafi a kan bonet ta daɗe a haka.

Na ce mun gama.
Baba yana wanke hannu da kananzir da yashi.
Ya ce, "In ta yi kilomita dubu ta dawo.
Sabon ɗauri yakan saki bayan ya sha zafi.
Kai za ta tarar."