Sarkin Akwala na Bolari

Jiya na bi ta Bolari da yamma,
An jera shaguna inda garkenka yake.
Mai cajin waya na zaune daidai wurin
Da Moris ta shekara talatin tana kwana.

Bappa Jibir, ubanka ya bar maka shanu arba'in,
Ka kaɗa su kasuwa ɗaya bayan ɗaya,
Ka dawo da garken ƙarfe mai tari da hayaƙi.
Dangi suka ce iska ce, a nemo mai magani.
Ka ce, "Saniya in ta tsufa, ko wuƙa ta san darajarta.
Mota in ta tsufa, wa ke kallonta?"

Mu yara muka laƙaba maka Sarkin Akwala.
Da ka ji, sai ka naɗa rawani da tsumman goge inji,
Ka zauna bisa taya, ka ce mu faɗi mu yi gaisuwa.

Da asuba, kafin ka gai da iyali,
Sai ka zaga su kana "Jam waali?"
Fijo mai ido ɗaya, Kunkuru mai tsoron ruwa,
Ostin da ta sha dakon auduga zamanin Bisije,
Marsandin wani alƙali da ya mutu da bashi,
Sai Landuroba, Inna Wuro, uwar garke.

Damina ta sauka, ɗakinka na yoyo,
Tamfol ɗin gidan kaf yana kansu.
Kaza ta yi kwanci a kujerar Fijo,
Ka hana a taɓa makulli kwana ashirin da ɗaya:
"Ba a tashin mai jego."
Ɗaurin auren ƙanenka a Kumo
A motar haya ka je shi, a matse, kana murmushi.

Ni ne yaron da ke haska maka tocila,
Kana kwance a ƙasa, ƙafafu kaɗai a waje.
"Miƙo sha uku." Na miƙa sha bakwai.
Ba ka zage ni ba, ka ce in kasa kunne:
"Inji ba ya ƙarya, Babayo.
Ji nan, cewa take ƙishi ya dame ta."

Masu kuɗi sun zo daga nesa da jaka,
Ka dama musu fura, ka raka su bakin titi.
Amma tsakar dare, in mai naƙuda ta galabaita,
Ƙofarka ake bugawa.
Rabin samarin layin nan
A bayan Inna Wuro suka fara jin girgizar duniya.

Ranar da ka cika, mun ɗora ka a bayanta.
Na murza makulli, shiru.
Na sake, shiru.
Mai ya cika tanki, batir sabo ne.
Liman ya ce a nemo wata, jama'a suka ce a'a,
Muka sa kafaɗa, tsoho da yaro,
Muka tura ta har maƙabarta.
Kai da ka sa muka yi ta turi muna ƙanana,
Sai da ka karɓi na ƙarshe.

Bayan arba'in 'yan gwangwan suka zo da sikeli.
Na ga an auna ƙofar Marsandi kamar buhun wake,
Na ga guduma ta sauka a idon Fijo.
Ban ga laifin magada ba, rufin yana yoyo har yanzu.
Na sayar da babur, na ci bashi,
Na jawo Inna Wuro da igiya.

Tana nan garejina a hanyar Dukku,
Yara tara na koyon aiki a inuwarta.
Duk wanda ya miƙo mini sifanar da ba ita ba,
Nakan haɗiye zagi, in ce ya kasa kunne.

Allah ya jiƙan ka, Bappa.
Ta tashi, ka sani, washegarin jana'izarka,
Bugu ɗaya.