Barewa Mai Tozo

Dusar ƙanƙara ta rufe Dakota ta Arewa,
gonar alkama ta yi shiru har bakin sama.
Ni da Baba Arvid muna rumfar tarakta,
murhu na huci, bakinmu na hayaƙi.

A dama, a-kori-kurarsa.
Shekara talatin da huɗu tana dakon buhu,
gishirin titi ya huda mata ƙugu,
tsatsa ta ci ƙofa, ta ci taga, ta koma kan baya,
amma injin nan, silinda takwas,
in ka murza makulli, kwanon rufi sai ya amsa.

A hagu, motar Mama Marit.
'Yar Ingila ce, kujera biyu, kanta a buɗe,
koriya, siririya,
ƙato biyu sa ɗaga bayanta ba nishi.
Injinta ya ƙafe a shekarar da Mama ta tafi.
Ɓeraye sun yi jego a ƙarƙashin kujera,
gyalenta mai ruwan ƙwai na nan a aljihun gaba.

Baba ya ce, "Gudrun, auna."
Na auna. Inci uku ya hana.
Ya ce, "Sake."
Na sake, tef bai ji kunyar furfura ba.
Ya daɗe yana kallon bangon ƙarfen da ke gaban sitiyari,
can ya ce, "Yanka. Uwarki ma ba ta son matsi."

Hannunsa ya daina riƙe sufana tun bara,
rawa yake kamar ganye.
Don haka bokiti ya kifa ya zauna,
nasa ido, nawa hannu.
Tartsatsin walda ya huda mini safa,
noti ɗaya ya ci mana kwana huɗu
da fatar yatsuna biyu.

Ranar da muka ɗaga injin da sarƙa
ya yi ta lilo kamar sa a mahauta,
baƙin mai na ɗiga a siminti.
"Sannu, sannu. Hagu. Haguna, ba naki ba."
Ya zauna a ƙirjinta,
hancinta ya sunkuya kamar ta ji zagi.

Duane Hjelmstad ya leƙo daga gonar gabas,
ya zagaya, ya tsotsi haƙori,
ya ce, "Kun ɓata kayan tarihi."
Baba ya ce, "Tarihin da ɓera ke kwana a kai?"
Washegari Duane ya dawo da sifirin masu kauri,
ya ajiye a bakin ƙofa, bai ce uffan ba.

Salansa ta yi faɗa da sandar sitiyari,
na lanƙwasa bututu sau bakwai kafin su shirya.
Bonet ya ƙi rufuwa.
Na ɗauki guduma mako guda ina bugun ciki
har ƙarfe ya kumbura.
Barewa ta yi tozo.

Afrilu. Ƙanƙara ta narke ta bar taɓo.
Na murza. Tari. Na murza. Tari.
Na uku, tattabarun rumfa suka watse,
madubin gefe ya kama karkarwa,
kare ya shige ƙarƙashin tirela.

Baba ya naɗe jikinsa cikin kujerar Mama,
gwiwa a haɓa, gyalen nan a wuya.
Ban taka sosai ba, wallahi ban taka ba,
tayoyin baya suka watsa tsakuwa har ƙofar rumbu,
turakun waya suka zama haƙoran mataji.
Na ga bakinsa yana motsi,
iska da inji suka cinye maganar.

Mil shida muka yi lagireto ya tafasa.
Muka tsaya a gefen rami, tururi na tashi,
ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa,
dinyoyin daji na wucewa arewa a jere.
Na ce, "Me ka ce ɗazu?"
Ya share ido da bakin gyale,
ya ce, "Shekara arba'in tana cewa ina da nawa."

Ya shafa tozon, ya janye hannu don zafi.
"Lagireton tarakta zai shiga nan kuwa?
Gobe ki auna."