Ina Kifin?

A Maiurno, bayan la'asar,
wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak.
Na jawo gadon igiya zuwa inuwar darbejiya
da takardun 'yan ajin ƙarshe a cinyata.

Ta Tayyibu ce a sama.
Shafi guda cur yana gaisuwa:
tun fil azal adabi madubi ne, kaza da kaza.
Na cire murfin jan biro.
Yaro, gabatarwa zaure ce,
ba a shimfiɗa tabarmar kwana a cikinta.
Yi sallama, faɗi abin da ke tafe da kai,
a shige da kai cikin gida.

Can ƙasa ya ce mawaƙin yana cikin kewa.
To, wa ya gaya maka?
Babanka in ya hauro daga bakin Nilu
ba ya cika kasuwa da rantsuwa wai ruwa ya yi albarka.
Zazzage koma yake a ƙasa,
ya ɗaga karfasa tana ƙyalli, tana harbin iska.
Na rubuta a gefe: ina kifin?

Ran Lahadi ya dawo,
takardar na ɗan ƙarni, gefenta ya jiƙe.
Ya ɗora yatsa kan baiti na huɗu:
"Malama, wannan 'har yanzu'.
Sau uku ya faɗe ta,
ta ukun kuma bai ƙarasa maganar ba."

Na ba shi bakwai cikin goma.
Zauren nasa dai akwai sauran tsawo.