Sauran Biyun

A Balparaiso, can saman tudu,
ɗakin Maite na kallon teku ta taga ɗaya.
Ƙarfe biyun dare, kwamfuta na huci,
lissafin igiyar ruwa ya ƙi zama.

Malam Eliseo ya faɗa a aji:
"Cikakkiyar amsa ba ta shiga na'ura.
Matsawa kusa da ita kawai muke yi,
kamar mai lallaɓar kaza da tsaba."

Ta yanka teku gida-gida, dubu arba'in,
kowane gida da lambarsa.
Ta ce wa na'ura: maimaita.
Kuskure ya ragu, ya ragu,
sai ya daka tsalle ya haura
saboda waƙafi ɗaya da ta manta
a layi na tamanin da uku.

Babanta Nibaldo bai san waƙafi ba.
Da asuba yakan leƙa ruwa daga bakin jirgi,
ya lashi yatsa, ya ɗaga sama,
ya ce yau kifi na kudu.
Sau bakwai cikin goma yana dacewa.

Ita kuwa, bayan shekara uku
da bashin makaranta da shayin da ya huce,
na'urarta ta kai takwas.

Ta sauko matakala da gudu
ta same shi yana ɗinkin koma.
"Baba, na wuce ka da ɗaya."
Bai ɗago ba. Ya tsinke zare da haƙori.
"To, ina sauran biyun?"

Ta zauna kan kwandon da aka kife,
ƙarnin kifi na shiga rigarta,
ta buɗe littafi a cinya.